Ƙafafun Inna sun mutu: allurar bitamin B ko awon jini?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu. Shekarunta 63, tana da ciwon sukari, shekara 7 ke nan tana shan metformine 850 safe da dare. Wata huɗu da suka wuce ta fara cewa tafin ƙafarta na zafi da dare kamar ta taka toka mai wuta. Yanzu kuma in tana tafiya ji take kamar a kan katifa take, har takalmi na zamewa daga ƙafarta ba ta sani ba. Haƙoranta sun ƙare, ta daɗe da barin nama, daga tuwon hatsi sai kunu. Wani mai magani a bakin kasuwa ya ce allurar B-complexe guda 10 za ta tashe ta, jikka 5 har da ladan yi. A likita kuma an ce a fara auna B12 a jini, an ce mini jikka 15 ne a labo mai zaman kansa. Jikka 20 ke hannuna. Wanne zan fara?

Ungozomar Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Tunda an taɓo bitamin B, mata ku saurara. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku wajen awon ciki, ƙarfe miligiram 60 ne a ciki da folik asid mikirogiram 400, wato B9. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri yana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma tabbatar da ciki ba. Mai zuwa awo da wata biyar ta makara a wannan ɓangaren. Mai neman haihuwa ta fara sha tun kafin cikin. Kuma kada mai ciki ta sayi folik mai miligiram 5 da kanta, don yana rage ƙarfin Fansidar da ake ba ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Ɗan Bagalam: Na gode Hajiya, amma Inna shekarunta 63.

Manjo mai ritaya: Ɗana, kafin komai karɓi kwalbar allurar ka karanta jikinta. Mafi yawan B-complexe ruwan ɗorawa ne, B1, B2, B6 da nicotinamide ke ciki, sau da yawa babu B12 ko ɗigo. Ita B12 ja ce kamar zoɓo, kuma za ka ga an rubuta cyanocobalamine ko hydroxocobalamine. Abu uku sun haɗu a kan mahaifiyarka. Metformine in an daɗe ana sha yana hana hanji tsotse B12. Tsufa yana rage ruwan tumbi da ke ɓanɓaro ta daga abinci. Sannan B12 daga dabba kaɗai take zuwa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Babu ita a hatsi, babu a wake, babu a zogale. Buƙatar yini kaɗan ce, mikirogiram 2.4, kuma hanta na ajiye ta shekaru, shi ya sa ciwon ke shigowa a ɓoye. Sai dai shi kansa sukari in bai daidaita ba yana cin jijiyar ƙafa da irin waɗannan alamu sak. Ido ba ya raba su, awo ke rabawa. Kada ta bar metformine ɗinta, kuma kada a yi mata allura kafin a ɗibi jinin, in ba haka ba sakamakon zai fito sama ya ruɗe ku.

Mai dambun Jiratawa: Ku ba ta zogale da ƙuli-ƙuli kullum. Ganye na da B9 da B2, gujiya kuma cike take da B3. A turara ganyen ne, kada a tafasa shi a zubda ruwan, don bitamin B a ruwa yake narkewa, wanda ya tsiyaye ruwan ya zubda rabin amfanin a rariya.

Manjo mai ritaya: Gaskiya ne ƙanwata, amma B12 ake magana, kuma ba ta cikin ganye.

Ɗiyar Tibiri: Ni dai zan faɗi abin da ya sami gwaggonmu, don kada a maimaita. Ta fara da kasala da haki, harshenta ya yi ja ya yi sulɓi kamar an goge shi, ko yaji kaɗan ba ta iya ci. Wani ɗakin shan magani, ba zan kira suna ba, suka buɗe fatar idonta suka ce jini ne ya yi ƙasa. Suka rubuta folik miligiram 5 da ƙarfe. Ba awo. Wata biyu sai ga ta ta yi haske, hakin ya tafi, kowa na hamdala. Aka ci gaba da saye kwali bayan kwali fiye da shekara. Ƙafa kuwa na ta mutuwa a hankali. Da farko in an ɗauke wuta da dare ba ta iya taku sai ta dafa bango. Daga nan in ta rufe ido wajen wanke fuska a alwala sai ta tafi luuu za ta faɗi. Aka ce sanyi ne, aka ce iska ce, aka sha saƙe-saƙi. Sai da ta fara manta sunan jikokinta aka kai ta Yamai, nan aka auna, B12 ta kusa ƙarewa. Likitan ya ce folik mai yawa yana gyara jini ya rufe alamar, ita kuwa laka na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi. An yi allura, hankalinta ya dawo, amma ƙafa ba ta dawo ba. Yau shekara uku a kan tabarma take, sai an ɗaga ta. Wanda ya rubuta maganin yana nan yana rubuta wa wasu. Ɗan Bagalam, don Allah kada ka bari wata shida su zama shekara.

Ungozomar Zariya: Innalillahi. Allah ya sa kaffara ne. Amma kada mata su ji wannan su jefar da ƙwayar awon ciki, mikirogiram 400 ba miligiram 5 ba ne, tazarar ta fi ninki goma.

Ɗiyar Tibiri: Ban ce su jefar ba. Na ce kada a ba tsoho folik da ka, ba awo.

Ɗan labo: Abin da Ɗiyar Tibiri ta faɗa shi ne ya sa NFS, wato awon ƙirga ƙwayoyin jini, kaɗai ba ta isa ba. A takardar NFS a duba layin VGM, girman jajayen ƙwayoyin jini. In ya haura 100 ana zargin B12 ko folik. Amma mai shan folik, ko wanda ƙarfe ma ya yi masa ƙaranci, VGM ɗinsa na iya fitowa daidai alhali B12 na ƙasa. Awon B12 kansa, ƙasa da 200 pg/ml rashi ne, tsakanin 200 da 300 ana shakka, likita ke haɗawa da alamun jiki. Jikka 15 ya yi mini yawa, abin da na sani jikka 10 ne.

Mai shagon Sabon Gari: Jikka 10 a ina? Makon jiya aka ce wa maƙwabcina jikka 18, kuma sai an aika jinin Yamai, a jira kwana goma.

Ɗan Ɗan Isa: A Katsina ya fi sauƙi in an canza naira.

Mai shagon Sabon Gari: Ka sa kuɗin mota da wahalar hanya da tsohuwa mai ciwon ƙafa, ka ga ko ya fi sauƙin. Ni shawarata ta mai sayar da magani ce: kwalin B12 ja bai kai kuɗin awon ba. Jiki kuma yana fitar da rarar a fitsari. A yi mata kawai, in ta ji sauƙi an gane.

Manjo mai ritaya: A nan muke rabuwa da ku masu shago. In rashi ne, ba allura goma ba ce a tashi. Inda jijiya ta taɓu, miligiram 1 ake yi a tsoka kwana ɗaya a tsallake ɗaya har sauƙi ya tsaya, sannan a koma duk wata biyu in hydroxocobalamine ce, wani har ƙarshen rayuwa. Wa zai ɗauki wannan ba hujja? In kuma ba rashi ba ne, an ɓata wata biyu sukari na cin ƙafa. Batun rara na fita a fitsari kuma bai hau kan B6 ba. Ƙwayoyin nan na jijiya masu haɗin B1, B6, B12, wasunsu B6 miligiram 100 ko 200 ke ciki, alhali buƙatar yini ba ta kai 2 ba. Wanda ya ɗauki watanni yana sha, ita B6 ɗin da kanta za ta kashe masa ƙafa. Masu shan isoniazide na babban tari ne ake ba su ita rigakafi, su ma miligiram 10 zuwa 25 ne.

Mai shagon Sabon Gari: Baba Manjo, da girmanka, amma ku a likita odanas kuke miƙawa, mu ne muke ganin fuskar mutum in ya ƙirga kuɗinsa bai kai ba.

Ɗan labo: Ganin fuska ba ganin jini ba ne, Alhaji. Kuma wa zai yi allurar? In an sauka ƙasa da kwatar sama ta waje a ɗuwawu, babbar jijiyar ƙafa ake samu.

Sarkin tukuba: Ku daina gardama ku aiko ta wurina. Hanta giram 100 na da B12 fiye da mikirogiram 50, ga ta da taushi, ba ta son haƙori. A dafa a daka a zuba a miyar kuka, sau ɗaya a sati. Labo na karɓar jikka 15 su ba ka takarda, ni ina karɓar dala ɗari in ba ka da yaji.

Bafillatanar Dakoro: Kofin nono ɗaya ya kusa rabin buƙatar yini, ga B2 a kai. Sai dai a rufe ƙwarya, hasken rana na kashe B2. Shi ya sa ba ka ganin Bafillace da tsagewar gefen baki, sai Barebari.

Babarbaren Bagalam: Bawa dai ya ci gaba da tatsa, ubangidansa zai sha.

Manjo mai ritaya: Hanta da nono suna da kyau in rashin ci ne matsalar. In hanji ne ya daina tsotsa, abinci kaɗai ba ya cike ramin. Mai ciki kuma ta yi hankali da hanta, bitamin A ya yi yawa a ciki.

Malamar makarantar mata: Ni abin da ke damuna shi ne abin da muke yi wa hatsin kansa. B1 da B3 a dusa da ɗan ƙwayar tsiro suke. A surfa, a bakace, a wanke sau uku, a zubda ƙasari, abin da ya rage gari ne fari tas. Sannan a jefa kanwa a wake don ya nuna da wuri, kanwa kuwa na lalata B1. A jiƙa waken tun dare, zai nuna ba kanwa. Jiki ba ya ajiye B1, sati biyu zuwa uku ta ƙare, shi ya sa gidan da ya koma farar shinkafa zalla ake ganin kumburin ƙafa da bugun zuciya. Shinkafar da aka turara da ɓawonta kafin a casa ta fi riƙe ta.

Mai dambun Jiratawa: Amma Malama, an ce toka na gyara masara.

Malamar makarantar mata: Wannan B3 ce. A masara ɗaure take, mutanen Meziko da farar ƙasa ko toka suke dafa ta sai ta saku. Inda aka dogara da masara ba wannan dabarar, ba gujiya, ba nama, nan ake samun ciwon da fatar wuya da bayan hannu ke baƙi ta tsattsage inda rana ke bugu, ga zawo, ga ruɗewa. Ko a shekarar da hatsi ya yi tsada aka koma masarar Najeriya da Benin, a dage da ƙuli-ƙuli a miya.

Uwar gida Mokoyo: Malama kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Masu injin surfe fa? Ki kai tiya biyar, ki biya kuɗin surfe, dusar ta tsaya wurinsu. In kin ce a ba ki, a ce ba haka ake yi ba. Gobe ki gan ta a buhu ana sayar wa masu kiwon rago.

Mai inji a Sura Bildi: Hajiya, wanda ya bar dusa ana rage masa kuɗi. Da tsadar gazuwal da wuta, in ba dusar ba sai mu rufe. Kuma ku ne ke cewa a ƙara surfawa, tuwo bai yi fari ba maigida zai yi faɗa.

Uwar gida Mokoyo: Ba a taɓa rage mini ko dala ba.

Ɗan Bagalam: Jama'a, na ji. In na tafi awon, da azumi za a kai ta ko ta karya? Kuma jikka 5 da za su rage, hanta zan saya ko in ajiye don allurar?

Ɗan labo: Ku zo da sassafe kafin ta karya, a haɗa da awon sukari. Ka zo da kwalin maganinta duka.

Mai inji a Sura Bildi: Hajiya ta Mokoyo, wane inji kike kaiwa? Mu nan dala biyar muke ragewa a kowace tiya, ki tambayi duk wanda ke kawo mana.