Abin da mata suka tattauna kan maɗigar jariri a Maraɗi

Wata amarya ce ta tayar da maganar a wajen suna a unguwar Bagalam. An rubuta mata "fontanelle" a karnen awon ɗanta, ta tsorata. Ungozomar da ke zaune tare da mu ta ce mata: "Ɗiyata, maɗiga ce kawai." Kalmar "fontanelle" ta samo asali daga Latin, ma'anarta ƙaramar maɓuɓɓuga, don wurin yana harbawa kamar idon ruwa.

Ungozomar ta ce maɗigar da aka fi sani biyu ce. Ta ƙeya tana rufewa cikin wata 2 zuwa 3, ta gaba kuwa takan kai wata 12 zuwa 18. Harbawarta ba ciwo ba ne, a wanke kan yaro ba fargaba.

Inda aka daɗe shi ne faɗawar maɗiga. Wata tsohuwa ta ce da can sai a shafa ƙulli a kai. Ungozomar ta girmama ta, amma ta ce: "Inna, ruwa ne ya ƙare a jikin yaron, galibi saboda zawo ko amai." Shawararta: a ci gaba da ba shi nono, a dama fakitin SRO (garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki) ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a tafi likita. Ni ma nan na fi matsawa, don zafin Afrilu a Maraɗi yana busar da jariri da wuri.

In kuma maɗigar ta kumbura, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi nono, ana tsoron sanƙarau. Wannan ba a jiran gari ya waye.