Neman kalma: launin nan da ke kan gilashin kyamara

1/ Jama'a, a taimaka da kalma. Idan ka karkata gilashin kyamara a rana, za ka ga wani launi shuɗi-shuɗi ko shunayya yana wulgawa a fuskarsa. Wasu na aron ta Turanci su ce "kotin". Da Hausa fa?

2/ Sai mun san aikinsa tukuna. Gilashi tsurarsa, kowace fuska tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya doke ta. Tessar, jerin gilasan kyamarar da kamfanin Zeiss na Jamus ya fitar a 1902, fuska 6 gare shi masu taɓa iska, haske ya yi ta kai-komo a ciki, hoto ya fito fari-fari, baƙinsa bai kama ba. A 1935 Alexander Smakula na Zeiss, a garin Jena, ya samo maganin abin, Jamus kuwa ta ɓoye shi a matsayin sirrin soja. Ana saka gilashin cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta, a dafa sinadari irin su magnesiyam fuloraid har ya zama tururi ya kwanta a kai. Kaurinsa wajen kashi 1 cikin 10,000 na milimita ne, amma asarar kowace fuska ta sauko ƙasa da kashi 2.

3/ Wani ya ce "fenti". A'a, fenti tare haske yake yi, wannan kuwa hanya yake ba shi.

4/ Wata 'yar uwa ta kawo "yana". Ta fuskar siranta ta dace, sai dai mai gyara na buƙatar kalmar don wani abu dabam: hazon da ke rufe tsohon gilashi in ya daɗe a danshi. Yana cuta ce a ido, a bar ta cuta a kyamara.

5/ Ni "ruwa" na zaɓa, irin na sarƙa mai ruwan zinare. Cikakken suna: ruwan kashe ƙyalli. Ku gwada shi a shagon gyara: "Malam, ruwan gilashin nan ya goge, a sake masa ruwa." Ya zauna a baki. Kuma maganar kan taso, don ruwan wasu gilasan shekarun 1940 taushi gare shi, gugar gefen riga ma karce shi take. Sake shi kuma ba aikin wasa ba ne: a kwance gilasan, a raba waɗanda aka manne da ƙaro don ba ya jure zafin tukunya, a goge tsohon ruwan. Hannu ya yi nauyi kaɗan, lanƙwasar gilashin ta sauya, an yi asara. Shi ya sa in karcen bai taka kara ya karya ba, gara a bar shi haka.

6/ Saura ruwa mai hawa-hawa, irin wanda kamfanin kyamara na Pentax ya fitar a 1971 da sunan SMC, mai hawa 7. "Mai ruwa bakwai" ya yi, amma in hawa biyu ne kada wani ya ce "ruwa biyu", a shiga wata maganar. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku me kuke cewa a can?