Shawarwari kan rubuta binciken alamomin sankara

A wata tattaunawa da likitocin da ke duba tsoka a madubin likita suka yi da ɗalibai a Katsina, an fi daɗewa kan batun fomalin, ruwan sinadarin da ake adana tsoka a ciki don kada ta lalace. Ƙa'idar gwajin HER2, wani furotin da ake nema a matsayin alama a sankarar mama, ita ce a sa tsokar cikin fomalin mai kashi 10 kafin awa ɗaya da yankewa, ta zauna awa 6 zuwa 72. Wata likita ta ce tsokar da aka turo daga ƙauye cikin kwalba, da zafin nan namu, takan kwana biyu a hanya, sai rinin da ake sa wa tsokar don nuna alamar ya fito fari a ɗauka babu alamar. Saboda haka a rubuta waɗannan lokutan dalla-dalla, ko da ba su yi kyau ba. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi.

Sauran kuwa: a faɗi sinadarin rini da kamfaninsa, da yadda aka sirka shi. A tsayar da iyakar makin da za a ce akwai alamar kafin a ga sakamako. Mutum biyu su duba gilashin da aka shimfiɗa tsokar a kai ba tare da sanin halin majinyaci ba. Ɗalibi ya ajiye jerin REMARK na 2005, mai abubuwa 20 da ake so a faɗa a rahoton binciken alamomin sankara, tun ranar fara tattara tsokoki.