Sun haddace ba, be, bi, bo, bu amma ba sa iya karanta "baba"

Malamar aji ɗaya: Assalamu alaikum malamai. Yara na rera ba, be, bi, bo, bu ba tuntuɓe, amma in an rubuta "baba" a allo sai su yi zuru. Ina gizo ke saƙar?

Mai horar da malamai: Wa alaikumus salam, Malama. Waƙa suka haddace, idonsu bai san harafin ba. Rubuta gaɓoɓin a guntayen kwali, ki cakuɗa, ki ɗaga "bo" kafin "ba", nan za ki gane wanda ya iya.

Kada ki bi jerin a, b, c. Fara da a, n, k, m, biyu a mako. Da huɗun nan kaɗai ana samun nama, kaka, mama, har da jimla: "Kaka na nan." Minti talatin ya isa: biyar na sauraron sautin a farkon kalmomi ba tare da allo ba, goma na ganin harafi da furta shi, goma na auren baƙi da wasali, biyar na shifta.

Babban kuskure shi ne kiran k da "ka". Wanda aka koya wa haka, in ya ga "ki" zai karanta "ka-i". M da n suna jawuwa, mmmm-a, shi ya sa aure ya fi sauƙi da su. K kuwa a taƙaice ake fitar da shi.

Malamin Hausa: Haka ne. Ƙari a kan masu ƙugiya: a bari k ya zauna kamar mako biyu kafin a kawo ƙ, sannan a gwama su a kalma, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Sh da ts sauti ɗaya ne kowannensu, a kati guda za a rubuta su. Tunda boko ba ya nuna tsawon wasali, "gari" na tuwo da "gari" na mazauni sai a cikin jimla ake rabe su.

Shugabar firamare: Malama, duba darasin Turanci ma. Jolly Phonics, tsarin koyar da karatun Turanci ta sautin haruffa, yana farawa da s, a, t, i, p, n, kuma p babu shi a Hausa. C ɗinsu na "cat" sautin k ne, namu na "ciki" daban. A raba lokutan biyu, kowane harshe da launin katinsa.