Gyaran samfuri na kwamfuta kafin a yanka shi raga (wato a rarraba shi ƙananan gutsattsari don lissafin injiniya): abin da masu aikin suka ce

1. An yi ittifaƙi a fara da tubalai huɗu: ɗigo, layi, fuska, jiki. Fuskoki ne ke rufe jiki, kuma ɓaraka ko da ƙarama ce tana iya hana raga cika ciki.
2. A cikin tsarin fayilolin ajiye samfuri, STEP ya fi IGES, wanda yakan zo da fuskoki a warwatse sai an ɗinke.
3. Sassan da suka haɗu su yi tarayya a fuska ɗaya. A Gmsh, manhajar yanka raga, umarnin BooleanFragments ke yin haka.
4. An rabu kan cire ƙananan ramuka da lanƙwasar kusurwa. Wasu sun ce a cire, lissafi ya yi sauri. Wasu sun ce a nan ƙarfe ke fara tsagewa, a bar su inda nauyi ke taruwa. Ni ma nan na karkata.