Kuɗin lafiyar talaka: a hannun wa za a bar shi?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum jama'a. Tunda ana ta maganar inshorar lafiya ta kowa da kowa a ƙasarmu Nijar, ni dai ra'ayina ɗaya ne: kada a danƙa kuɗin ga kamfani mai neman riba. Mu rubuta takarda tun yanzu, mu kai wa masu tsara doka. Ƙanwata tana aure a Katsina, mijinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma yana cikin tsarin inshorar lafiya na Nijeriya. Ranar da dokta ya ce aiki za a yi mata, kwana 2 suka yi kan tabarma a barandar asibiti suna jiran kamfani ya turo lambar izini. Na je na gan ta, ko zama ba ta iya yi. Ƙarshe bashi ya ci ya biya.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Amma gwamnatin da kike so ta riƙe kuɗin fa? Tambayi Majo abin da ya gani.

Majo Hamisu: Na gani kam. A 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, tiyatar haihuwa ma tun 2005. Muka yi murna. Mu duba yaro, mu ba da magani, mu cika takardun neman biya mu aika Yamai, sai shiru wata da watanni. Ina aiki a CSI, wato ƙaramin asibiti, a ƙauye lokacin. Da damina, zazzaɓin cizon sauro ya taso, uwa ta zo da ɗiyarta jiki kamar wuta, kantar magani babu komai sai kwalaye. In rubuta mata ordinas, ta kwance bakin zane ta ƙirga, ko jika ɗaya bai cika ba. Wannan ba kamfani ya yi mana ba.

Malam Sani: To kin ji. Ɗan kasuwa aƙalla yana tsoron asara, yana riƙe lissafi.

Hajiya Rabi: Malam, tsoron asarar nan ai shi ne ciwon. Ribarsa ita ce abin da ya rage bayan an biya asibiti, ke nan duk majinyacin da ya hana, aljihunsa ya ƙaru. Gwamnati in ta yi jinkiri muna da inda za mu je mu yi kuka. Kamfani kuwa waya za ka yi ta bugawa.

Abdu: Ina bayan Hajiya. Farfesa Usman Yusuf, ɗan Katsina, da ya shugabanci hukumar inshorar lafiya ta Nijeriya (NHIS), a 2017 gaban majalisar wakilai ya zargi kamfanonin HMO, masu biyan asibiti a madadin hukumar, da riƙe kuɗin asibitoci. Jihar Konetikat a Amurka kuma a 2012 ta cire kamfanonin inshora daga tsarin lafiyar marasa ƙarfi, bayan shekaru ana matsa wa hukumomi. Ruwanda ma a 2015 ta miƙa asusun inshorar lafiyar jama'a ga hukumar gwamnati.

Malam Sani: Abdu, wace majalisa za mu je? Tun Yulin 2023 babu depite.

Abdu: Akwai majalisar tuntuɓa da aka kafa a 2025, Malam, kuma da ƴan jihar Maradi a ciki. Ba su zartar da doka, amma ana jin shawararsu. A masallaci da wurin suna muke haɗuwa da su.

Majo Hamisu: Zan sa hannu, amma da sharaɗi, Hajiya. Kada takardar ta tsaya kan "ba mu son kamfani". A rubuta cewa asusun ya zama daban da baitulmali, a yanka wa'adin biyan asibiti cikin doka, a sa wakilan majinyata da na ma'aikatan lafiya cikin masu sa ido. An rage kuɗin ganin dokta da rabi tun Satumban 2024, mun gode, amma in ba a cike wa asibiti gurbin ba, kantar nan za ta sake bushewa.

Malam Sani: Har yanzu ban yarda a rufe wa ƴan kasuwa ƙofa gaba ɗaya ba. In aikin kwamfuta ne da buga kati, a ba su kwangila.

Hajiya Rabi: Su buga kati, na yarda. Amma cewa a yi wa wane aiki ko kada a yi, wannan na dokta ne. Majo, ka rubuto sharuɗɗan naka da Hausa da Faransanci. Ni zan zagaya da ita wurin matan adashinmu na unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo a nan Maradi ranar Asabar, wadda ba ta iya rubutu ta dangwala yatsa.