Dan Allah waye ya taɓa shiga Ghana da mota?

Salam jama'a a taimaka min. Bayan sallah zamu je biki Kumasi ni da Hajiyarmu, daga Kano ta Legas mu ƙetare bodar Seme, mu ratsa Kwatano da Lome mu shiga ta Aflao. Fasfo da katin rigakafin shawara duk mun yi, inshorar ECOWAS ma zan yanka, inda na maƙale shine takardun motar sunan yayana ne a jiki shi kuma yana Saudiyya, wallahi jiya baza su nayi kan tabarma ina ta dubawa har bacci ya gagareni. Kwastan zasu barni in wuce da takardar izini daga hannunsa, ko dole sai nayi canjin suna? Hajiya bata jure doguwar tsayuwa, ƙafarta kumbura take.